Filin Tambaya da Amsa: Ruwa ya ci shagona, manhajar rance ta juya min baya

Wasiƙu uku na zaɓa a wannan watan, dukansu a kan rancen da ake karɓa ta waya. Ta farkon ce za ta fi cin wuri, don ita ce na karanta sau uku kafin in iya ɗaukar biro.

TAMBAYA

Malam, barka da ƙoƙari. Ni tela ce, ina da keken ɗinki biyu da yarinya ɗaya mai koyon aiki. Shekara biyu ke nan ina karɓar ɗan rance a wata manhaja ta waya, in sayi yadi da zare, in biya tun wa'adi bai cika ba. Ban taɓa saɓawa ba. Da ambaliya ta shigo mana, ruwa ya kwana uku a shagona, ya lalata keke ɗaya da kayan mutane. Na makara da kwana 9 wajen biyan bashin da ke kaina. Da na biya na koma neman wani don in gyara keken, sai na tarar an zaftare abin da zan iya ranta zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Maƙwabciyata, sana'armu ɗaya, ita ma ruwan ya shiga nata shagon, amma maigidanta mai albashi ne, shi ya biya mata a kan kari. Ita sai aka ƙara mata. Yanzu ta sayi sabon keke, masu kawo min ɗinki suna ta komawa wajenta. Wallahi ba hassada nake yi ba. Amma na sha jin ana cewa a rediyo rancen waya zai rage tazarar da ke tsakanin mai shi da marar shi. Ƙarya ake mana, ko ni ce ban iya ba?

Daga wata tela

AMSA

'Yar'uwa, Allah ya mayar miki da mafi alheri, ya kiyaye na gaba. Bari in fara cire miki ƙayar da ke ƙarshen wasiƙarki: ba rashin iyawarki ba ne. Macen da ta yi shekara biyu tana biya kafin wa'adi, ruwa ya ci shagonta amma ta haɗa kuɗin mutane cikin kwana 9, ba ita za a koya wa riƙon amana ba. Su ma na rediyon ba ƙarya tsagwaronta suka yi ba. Abu biyu ne aka cusa a buhu ɗaya aka ɗaure bakinsa. Akwai kuɗin da ake aiko wa mutum ta waya, akwai kuɗin da ake ranta masa ta waya. Idan lafiya ake zaune, ba kowa ke lura da bambancinsu ba, sai ranar da abu ya ɓaci.

Ga abin da ya faru a cikin wayarki. Babu wani mahaluki da ya zauna ya kalli sunanki ya ce a rage mata. Kwamfuta ce ke lissafin, abincinta kuwa sawun da kike bari ne: nawa ke shiga asusunki a mako, nawa ke fita, sau nawa kike sa kati, wace rana kika biya bashin baya. A makon ambaliya kuɗi sun daina shigo miki, sa katinki ya ragu, ga kuma jinkirin kwana 9. A idon kwamfutar, kamannin mai shirin gudu da bashi ke nan. Maƙwabciyarki kuwa sawunta bai canza ba, domin albashin maigidanta ya toshe ramin kafin a gan shi. Kwamfutar ba ta san ruwa ɗaya ne ya shiga shagunanku biyu ba. Ta ga wannan ta biya, wannan ta makara, shi ke nan. Albashin mijin ta saka wa, ke kuma ta ci ki tarar ambaliya.

Na yi shekara 11 ina aikin bin rance a wani ƙaramin banki, zamanin da littafi da biro da babur ne kayan aikinmu. Ba na manta wani kafinta da gobara ta cinye wa rumfa ana saura kwana huɗu ya biya kason wata. Da na isa, na tarar da shi a tsugune yana tsintar ƙusoshi a cikin toka, yana hure su yana zubawa a gwangwani. Zarton nan nasa ya lanƙwashe, ƙotar ta ƙone ƙurmus. Ban iya buɗe baki na yi masa maganar kuɗi ba. Na koma ofis da toka a ƙafar wandona, na rubuta wa manaja a ɗaga masa wata uku, a kuma ƙara masa abin sayen zarto da katako. Aka yi ta ja-in-ja, daga baya aka yarda. Ya biya duka, ko kwabo bai rage ba. To kwamfuta ba ta zuwa ta ga toka.

Sai dai kada in yi wa kaina kirari ya yi yawa. A waɗannan shekarun, ni ɗin nan na sha mayar da mutane don ban san kowa nasu ba, ko don suturarsu ba ta cika min ido ba, ko don mace ce ta zo ba ta da wanda zai tsaya mata. Wanda ke can cikin lungu kuwa ko ƙofarmu bai taɓa gani ba, tunda man da zan ƙona in je wajensa ya fi ribar rancen. Wannan manhaja ta gyara shi, gyara kuma na gaske. Ba ta tambayar ɗan waye kai, ba ta neman jingina, ƙarfe biyun dare ma a buɗe take. Ta shigar da mutanen da mu muka bari a waje. Tsayawa da su a ranar wuya ne ba a gina ta a kai ba.

Labarin rage tazarar da kike ji, mafi yawansa daga Kenya ya taso. A watan Maris na 2007 kamfanin waya na Safaricom ya fito da M-Pesa, hanyar tura kuɗi da karɓarsu ta waya. Wani abin sha'awa, da farko an gwada shi ne don masu ƙaramin rance su riƙa biyan bashinsu ta waya, sai aka lura mutane sun mayar da shi hanyar aika wa 'yan'uwa kuɗi, kamfanin ya bi su a kan haka. Ba a rufa shekara ba rikicin bayan zaɓe ya ɓarke a ƙasar, daga ƙarshen 2007 zuwa farkon 2008, hanyoyi suka toshe, waya ta zama hanyar da ta rage wa mutane da yawa su kai wa iyalansu wani abu.

Wasu masana biyu, Tavneet Suri da William Jack, sun yi shekaru suna bin gidaje a ƙasar. A binciken da suka fitar a 2014, sun gano cewa idan wata musiba ta faɗa wa gida, ciwo ne ko asarar amfanin gona ko rasa aiki, gidan da ba ya amfani da M-Pesa yakan rage abin da yake kashewa da kusan kashi 7 cikin 100, wanda ke amfani da shi kuwa ba ya ragewa. Dalilin a fili yake. Ƙanen da ke birni, da 'yar da ke aure a wani yanki, da abokin da ruwan bai kai garinsu ba, kowa na iya turo ɗan abin da ya sawwaƙa a ranar, ba sai an jira direban da zai kai saƙo ba. A 2016 suka sake cewa hanyar ta fitar da gidaje kusan 194,000 daga ƙangin talauci, wato kashi 2 cikin 100 na gidajen ƙasar, kuma gidajen da mata ke riƙe da su ne suka fi amfana. Wasu masanan sun ja da wannan adadin na biyu, suna ganin an zuba masa gishiri, ni ma na fi sakin jiki da na farkon. Amma ki duba da kyau, abin da ya ceci gidajen nan kuɗin zumunci ne, wanda babu ruwa a kansa, babu saƙon gargaɗi idan wa'adin biya ya wuce.

Korona ta zo ta ƙara fito da abin fili. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2020 an sami ƙarin mutum kusan miliyan 70 a cikin matsanancin talauci, kuma idan aka auna da abin da kowa ke samu, asarar da na ƙasa suka yi ta ninka ta na sama. A watan Afrilu na shekarar gwamnatin Togo ta fito da wani shiri mai suna Novissi. Mai sana'ar hannun da kulle ya hana shi nema zai danna wasu lambobi a wayarsa, ko da ƙarama ce marar intanet, ya sa lambar katin zaɓensa, kuɗi su shigo. Da gangan aka fifita mata: sefa 12,250 a wata ga mace, 10,500 ga namiji. A zagayen farko mutum fiye da rabin miliyan suka samu.

Da aka zo kai shirin karkara ne abin da nake so ki ji ya faru. Gwamnatin ta haɗa hannu da ƙungiyar GiveDirectly da masana daga jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Suka yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam suka ware yankunan da suka fi talauci, sannan suka sa kwamfuta ta duba yadda mutanen yankunan ke amfani da waya, irin yawan kira da tsawonsa da sayen data da kuɗin da ke wucewa ta cikinta, don a gane wanda ya fi kowa buƙata. 'Yar'uwa, irin sawun da manhajarki ta gani ta ja baya, shi Togo ta gani ta ce ga wanda za a fara ba. Ashe laifin ba na lissafin ba ne, ya danganta da aikin da aka aike shi.

Barazil ma ta raba real 600, kuɗin ƙasar, duk wata ta manhajar bankin gwamnati na Caixa, mutum kusan miliyan 68 suka karɓa. Ma'aunin tazarar kuɗin shiga a ƙasar ya sauka a 2020, a tsakiyar annoba, da aka zaftare tallafin a 2021 ya sake hawa. Indiya ta zuba rufi 500, kuɗin ƙasar, a wata har wata uku a asusun mata kusan miliyan 200. Duk inda kika ji waya ta rage tazara a lokacin annobar, ki bincika, za ki tarar tallafi ne ya bi ta cikinta.

Shi kuwa rance, an ɗora masa buri tun kafin waya ta zo. A 1976 Muhammad Yunus ya ranta wa mutum 42 dala 27 a ƙauyen Jobra na Bangaladesh, abin da ya haifi bankin Grameen, har suka sami lambar yabo ta Nobel a 2006. Mu da muke cikin aikin a lokacin, gani muke mun riƙe maganin talauci a jakar babur. A 2015 aka fitar da sakamakon gwaji shida da aka yi a Bosniya da Habasha da Indiya da Meziko da Mongoliya da Maroko, inda aka yi ƙuri'a wasu suka sami damar rance wasu ba su samu ba, aka bi su aka gani. Sana'o'i sun ɗan faɗaɗa, mutane sun sami sararin juya kuɗinsu, amma gida na tsaka-tsaki bai fita daga talauci ba. Wanda ya kwashi riba mai kauri, kamar yadda aka gani a birnin Hyderabad, shi ne wanda da ma sana'arsa ta tsaya da ƙafarta kafin rancen ya zo. Rance taki ne, shukar da ta riga ta kama yake ƙara wa ƙarfi. Shi ya sa a tsakanin ƙananan masu sana'a ma, irinki da maƙwabciyarki, yana iya ƙara tazara maimakon ya rage, musamman idan ɗaya na da bango a bayanta.

Ba na so in zalunci rancen waya. A 2012 Safaricom ya haɗu da wani banki, CBA, suka fito da M-Shwari, mai ba da rancen kwana 30 nan take. Da Suri da Jack da wani abokin aikinsu, Prashant Bharadwaj, suka bincika, sun tarar waɗanda suka cancanci rancen ba su cika fasa biyan wata buƙata ba idan matsala ta taso. Yaro ya kwanta da daddare, kuɗin magani ba su cika ba, wannan rancen rufin asiri ne. Amma ki ji farashinsa: kashi 7.5 cikin 100 a kan kwana 30 aka fara da shi, wato kashi 90 a shekara ga wanda ke juya shi wata-wata, kuma wannan yana cikin masu rangwame. Mai albashi yana samun rance a banki da ruwan da bai kama ƙafar wannan ba. Marar shi ne ke sayen kuɗi da tsada fiye da kowa.

Sannan akwai bambanci tsakanin masifar da ta sami gida ɗaya da wadda ta haɗa gari. Idan ɗanki ne kaɗai ya kwanta, kamfanin na da kuɗin ba ki, tunda sauran jama'a na biya. Idan ruwa ya ci yanki guda, ko aka kulle ƙasa baki ɗaya, shi ma kamfanin cikinsa ɗurar ruwa yake yi. Bashin da ba a biya ba na taruwa, masu zuba masa jari na janye hannu, sai ya tsuke bakin aljihu. Haka kamfanonin rancen waya da dama suka yi a Kenya a watannin farko na korona. A zamaninmu, kafin umarnin tsukewa ya taso daga babban ofis ya iso hannuna an yi makonni, a tsakanin nan mun sallami mutane da yawa. Yanzu dare ɗaya ne, a canza lamba ɗaya a kwamfuta, gari ya waye dubban mutane su ga abin da kika gani.

Kuma ke da kike da waya da asusu, akwai waɗanda kika yi wa nisa. Ƙididdigar Bankin Duniya ta 2021 ta nuna kashi 76 cikin 100 na manya a duniya suna da asusu, daga kashi 51 a 2011, amma har lokacin mutum biliyan 1.4 ba su da shi. A ƙasashen Afirka na kudu da Sahara, kusan ɗaya cikin uku na masu asusun waya ba sa iya sarrafa shi sai wani ya taya su. Tsohuwar da sai ta miƙa wa wani wayarta ta faɗa masa lambar sirrinta, ko tallafin Togo ne sai ya bi ta hannun wani kafin ya iso gare ta.

Yanzu ga shawarata. Kada ki ranci kuɗin kwana 30 ki gyara keke. Keke sai ya yi watanni yana ɗinki kafin ya mayar da kuɗin gyaransa, wa'adin zai riga shi isowa. Kada kuma ki buɗe manhaja ta biyu don ta cike giɓin ta farko, gudun gara ne a faɗa gidan zago. Na san wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, shi ya sa nake faɗa miki tun hannunki bai kai ba. Ki je wajen mai gyaran keken da mai sayar miki da yadi, mutanen da suka san fuskarki shekara biyu, ki nemi su yarda ki riƙa biya kaɗan-kaɗan. Su suna iya zuwa su ga inda ruwa ya tsaya a bango. Ki rubuta wa kamfanin ma, ki haɗa da hotunan shagon, ki nemi mutum ya duba lamarinki, ki kuma tambaye su ko sun kai sunanki kundin masu taurin bashi, don wannan ya fi zaftarewar illa. Adadin da aka rage miki yakan sake hawa idan aka ci gaba da ranta ana biya, amma kada ki ranci abin da ba ki buƙata don kawai ki faranta wa kwamfuta, kuɗin ruwa za ki yi ta biya a banza. Idan hannunki ya warware, ki riƙa jefa ɗan wani abu a ajiyar wayar duk mako, ki kuma riƙe zumuncin 'yan'uwan da ke nesa, waɗanda ruwa ɗaya ba zai ci ku rana ɗaya ba.

Waɗanda kayansu suka lalace a hannunki, ki riga su zuwa. Ita kuma maƙwabciyar taki, tunda kin ce babu komai a ranki, ki shiga wajenta ki ce aikin da ya yi mata yawa ta riƙa miƙo miki. Keke ɗaya da ya rage miki yana aiki, ita kuma hannu biyu ne da ita.

TAMBAYA

Malam, ni ɗalibi ne, ina aji uku a fannin tattalin arziki. Kullum sai mun ji labarin waɗanda masu ba da ƙaramin rance suka jefa cikin uku. Me zai hana gwamnatoci su haramta abin baki ɗaya kowa ya huta?

Daga wani ɗalibi

AMSA

Ƙanena, an taɓa gwada abin da ya yi kusa da haka, je ka karanta labarin jihar Andhra Pradesh ta Indiya. A 2010 harkar ƙaramin rance ta yi ƙiba a jihar, har kamfanin SKS, ɗaya daga cikin masu ba da rancen, ya sayar da hannun jarinsa a kasuwa. Gida ɗaya sai ka tarar yana ɗauke da bashin wuri uku ko huɗu, masu bin bashi na matsa wa mutane, aka yi ta samun rahoton waɗanda suka kashe kansu. A watan Oktoba gwamnatin jihar ta kafa dokar da ta ɗaure wa kamfanonin hannu, biyan bashi ya kusa tsayawa cak. Wasu masana biyu, Emily Breza da Cynthia Kinnan, suka bi sawun abin da ya biyo baya a wasu jihohin, inda kamfanonin da suka yi asara suka rage ba da rance. Sun tarar ladan leburori ya faɗi, abin da gidaje ke kashewa ya ragu. Ka ga leburan da bai taɓa rantar ko sisi ba shi ma ya ji a jikinsa, don wanda ke ɗaukarsa aiki da wanda ke sayen kayan garinsu duk da rancen suke motsi. Wanda aka rufe wa wannan ƙofar ba daina neman kuɗi zai yi ba, wajen mai ba da bashi da ruwa na bayan gida zai koma.

Abin da na fi yarda da shi, a bar su su yi aiki amma da linzami a baki. A Afrilun 2020 Babban Bankin Kenya ya hana a sa sunan mutum a kundin masu taurin bashi a kan abin da bai kai shilin 1,000 ba, ya kuma hana kamfanonin rancen waya marasa rajista kai sunan kowa. A ƙarshen 2021 aka yi dokar da ta sa su ƙarƙashin bankin, sai da lasisi. Babban Bankin Indiya ya ba da damar ɗage biyan bashi daga Maris zuwa Agustan 2020. Wannan na ƙarshen shi ne abin da na yi wa kafintan da na ba da labari a sama, sai dai an yi shi ga ƙasa guda. Da za a tambaye ni, da na ce a rubuta shi a doka tun kafin masifa: duk yankin da hukuma ta ayyana ambaliya ko fari ko annoba ta faɗa masa, jinkirin mutanensa kada ya shiga lissafin kwamfuta.

Abin da ke ba ni haushi shi ne gwamnatocin da ke barin ɓangaren da ke cutarwa su je su ɗora haraji a kan wanda ke amfani. Yuganda ta sa haraji a kan kuɗin waya a 2018, Gana ta sa kashi 1.5 cikin 100 a kan tura kuɗi a 2022, sai a 2025 aka soke shi. Kenya kuwa a Maris na 2020 cire kuɗin tura duk abin da bai kai shilin 1,000 ba ta yi, har ƙarshen shekarar. Idan kana neman abin da za ka rubuta kundin kammala karatunka a kai, kwatanta waɗannan ukun.

TAMBAYA

Malam, na ranci kuɗi a wata manhaja, na makara da kwana biyu. Sai suka tura wa duk lambobin da ke wayata saƙo cewa ni ɗan damfara ne, har da surukina. Ban iya fita ba kwana huɗu. Kuma da na lissafa, abin da suka ba ni ma bai kai abin da suka rubuta ba. Ya zan yi?

Daga wani magidanci

AMSA

Ɗan'uwa, ka fito. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma da yawa daga cikin waɗanda saƙon ya je wa sun san irin waɗannan mutanen.

Lissafinka daidai ne. A ce an rubuta maka 100, aka cire 15 tun a gaba da sunan kuɗin aiki, 85 suka shigo hannunka, aka ce ka biya 100 bayan mako biyu. Ruwan ba kashi 15 ba ne, ya haura 17, a mako biyu kacal. Ka ninka shi sau 26, ka ga ya wuce kashi 450 a shekara. Duk rancen da za ka karɓa nan gaba, lamba biyu kaɗai za ka duba: nawa ya shigo hannunka, nawa za ka mayar.

Lambobin kuwa kai ka ba su, ranar da ka sauke manhajar ta nemi izinin shiga jerin sunayenka ka danna na yarda ba ka karanta ba, kamar yadda kusan kowa ke yi. Wannan bai halatta musu abin da suka yi ba. A Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta Najeriya ta kai samame ofisoshin irin waɗannan kamfanoni a Legas. A shekarar ce Babban Bankin Indiya ya fitar da ƙa'idar da ta hana manhajojin rance leƙa lambobi da hotunan mutane. Daga ƙarshen Mayun 2023 kamfanin Google ma ya hana manhajojin rancen da ke rumbunsa shiga lambobi da hotuna, don haka wadda ta nemi haka a yau, ko ta ce ka sauke ta ta wani adireshi da aka turo maka, ka san da walakin.

Ka ɗauki hoton duk saƙonnin da suka tura, da takardar yarjejeniyar, da shaidar abin da ya shigo asusunka, kafin ka goge komai. Ka shiga saitin wayarka ka janye izinin da ka ba su. Ka biya abin da ke kanka na gaskiya ta hanyar da za ta bar shaida, kada ka tura wa lambar wani mutum da ya kira ka ya ce shi wakilinsu ne. Sannan ka kai ƙara wajen hukumar da ke kula da masu ba da rance ko mai kare bayanan jama'a a ƙasarku, ka kuma kai rahoton manhajar a rumbun da ka sauke ta. Surukinka kuwa kada ka aika masa saƙo, ka je da ƙafarka, ka zauna, ka miƙa masa wayar ya ga 85 ɗin da 100 ɗin da idonsa.